Zuwa ga Edita: Babu garin maganin da ke gyara DNA, a daina yaudarar masu sikila da masu ciwon daji

Assalamu alaikum Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Na rubuto ne akan tallan nan da kuka buga a shafin baya satin da ya wuce, na wani garin magani da ake zubawa ƙarƙashin harshe, wanda akace wai yana gyara DNA, wato rubutun gadon halitta dake cikin jikin mutum, yana maida mai SS ya koma AA, yana kuma narkar da ciwon daji ko wane iri ne. Nasan talla ne ba labarinku bane, nasan kuma da kuɗin talla jarida ke rayuwa, amma ranka ya daɗe mutanenmu in suka ga abu a jarida basa raba talla da labari, cewa suke ai har a jarida an buga. Tun ranar hoton shafin ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp nan Katsina, masu saidawa na nuna shi a matsayin shaida. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare, kuma wannan fannin shi nake koya ma ƴan aji shida, dan haka ina roƙon ka bani fili ko da zan ɗan yi tsawo.

Gyaran DNA gaskiya ne akwai shi, kuma wannan ne ma yasa tallan ke da haɗari, sun ɗauko abu na gaskiya sun jingina kayansu da shi. Sai dai gyaran a cikin jiki ake yinsa, dare da rana, tun mutum na ciki har ranar da zai koma ga Mahaliccinsa, ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da muke kira sel, wajen tiriliyan 30, kuma in ka cire jajayen ƙwayoyin jini kusan kowane sel na ɗauke da zaren DNA wanda in aka miƙe shi zai kai mita 2, an naɗe shi ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uba 23 daga uwa. Rubutu ne da harufa 4 kacal, A da T da G da C, wajen biliyan 3 daga ɓangaren uba, biliyan 3 daga na uwa. Kuma zaren biyu ne a murɗe da juna, inda duk A take a wannan to T ce ke fuskantarta a ɗayan, inda G take C ce. Wannan tsarin shine sirrin gyaran baki ɗaya, sabida in gefe ɗaya ya lalace ɗaya gefen zai faɗi abun da ya kamata ya kasance a wurin. Yaran ajina basa yarda akwai abun sai sun gani da ido, sai mu dama ayaba da gishiri da ɗan sabulun ruwa, mu tace da ƙyalle, mu zuba sipirit mai sanyi a hankali ta gefen kofin gilas, can sai kaga wani farin abu mai yauƙi ya taso tsakanin ruwan biyu, a sa tsinke a naɗo shi. DNA ɗin ayaba kenan. Kullum muna cin irinsa a tuwo da miya da nama, hanji ya narkar da shi ya farfasa shi kaman sauran abinci, bai taɓa zuwa ya gyara ma kowa nasa ba. Toh garin da akace an yi shi da ƙwayoyin asali na tuffa ko inabi, mi zai hana shi bin hanyar da ayaba ta bi?

Da can masana sun ɗauka DNA abu ne mai ƙarko da baya lalacewa. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Tomas Lindahl, shi ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa ba haka bane, ko ba wani guba ko rana, ruwa da ɗumin jiki kaɗai na sa harufa wajen 10,000 su ɓalle daga DNA ɗin kowane sel a kullum, wasu kuma su rikiɗe, C ta koma wani harafi U wanda ba wurinsa bane. Sai yace in haka ne dole akwai mai gyarawa, in ba haka ba da rayuwa bata yiwu ba, ya nema kuma ya samu a 1974: wani enzayim, wato ɗan ma'aikacin sinadari na cikin sel, dake bin zaren yana tsince U ɗin, wasu su share gurbin, a duba ɗaya gefen a maida C, a liƙe. Akwai kuma ɓarnar da tafi harafi ɗaya girma, irin wadda zafin rana keyi ma fata, inda T biyu dake maƙwabtaka ke mannewa da juna zaren ya karkace. Wannan Aziz Sancar ne ya warware yadda ake gyara ta, Baturke ɗan wani ƙaramin gari Savur, iyayensa ko karatun boko basu yi ba (ina yawan faɗa ma ɗalibaina wannan, musamman masu cewa ai su ƴan ƙauye ne). A jikin mutum ana yanke harufa kusan 30 a zagayen inda ya lalace, a yar, a sake rubutawa daga gefen da ke lafiya. Su biyun da wani Ba'amurke Paul Modrich aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015.

Inda abun yafi wuya shine lokacin kwafa. Kullum jiki na sabunta sel sama da biliyan 300, mafi yawansu na jini da na bangon hanji, kuma kafin sel ɗaya ya rabu biyu sai ya kwafe harufan nan biliyan 6 kaf cikin kimanin awa 8. Ka tuna da malamanmu na da nan Katsina masu kwafar littafi da hannu, da alƙalamin kara da tawada, mutum na rubutu yana duba abun da hannunsa ya rubuta, in ya zame ya kankare nan take, in ya gama kuma a zauna wani na karanta na asali wani na bin kwafin layi-layi. Haka sel keyi. Enzayim ɗin dake kwafa yana kuskure kusan sau 1 cikin harufa 100,000, amma shi da kansa yake ja baya ya cire mafi yawansu, sannan wasu su biyo bayansa su kama waɗanda suka kuɓuce, wannan na biyun shine aikin da Modrich ya gano. In an gama duka kuskuren da ke saura bai wuce 1 cikin biliyan ba. Dangin da suka gaji rauni a wannan dubawar ta biyu sune zaka ga ciwon dajin hanji na bin su tun basu tsufa ba.

Wani lokacin mai kwafar na cikin tafiya sai ya iske ɓarna a gabansa da ba'a riga an gyara ba, sai ya tsaya cak. Nan take wani furotin da ake kira ATR zai bada sanarwa a dakata, kar a buɗe sabon wurin kwafa, kar kuma sel ya kuskura ya rabu. Wasu furotin, cikinsu harda BRCA2, su rufe zaren da ya kwance dan kar a cinye shi kafin a gyara. In gyaran yaƙi, akwai wasu masu kwafar na ko-ta-kwana dake tsallake wurin su sa harafin da suka samu, aiki ya wuce amma sau da yawa da kuskure a ciki. In duk wannan bai yiwu ba sai wurin ya ɓalle, zaren biyu su tsinke lokaci guda, kuma wannan ce ɓarna mafi muni sabida babu gefen da ya rage lafiya da za'a duba.

Hanya biyu sel ke bi da irin wannan karayar. Ta farko ta gaggawa ce, wani furotin mai suna Ku ya cafke bakin biyu, a ɗan datse, a haɗa, ko da an rasa harufa kaɗan a wurin. Ta biyu mai natsuwa ce amma sai bayan an kwafi wurin take yiwuwa, lokacin da kuromosom ke da tagwayensa a gefe: BRCA1 ya taimaka a fere bakin, BRCA2 ya ɗora wani furotin RAD51 a kai, shi kuma ya shiga cikin tagwayen ya nemo daidai wurin a kwafo abun da ya ɓata ba ragi ba ƙari. Matsalar ta gaggawar itace in kuromosom biyu suka karye lokaci ɗaya tana iya haɗa kan wannan da jelar wancan. Kuma mu a Afirka mun san sakamakon da idonmu ko da bamu san sunansa ba. Yaron nan da muƙamuƙinsa ke kumbura cikin ƴan satuttuka har haƙora su yi girgiɗi ido ya turo, ko cikinsa ya kumbura, ace iska ce ko sammu, sau da yawa ciwon da likita Denis Burkitt ya bayyana ne a Yuganda a 1958. A mafi yawansu guntun kuromosom na 8 ne ya koma kan na 14. Fararen ƙwayoyin jinin dake haɗa garkuwa da gangan suke yanka DNA ɗinsu suna sake haɗawa dan su iya fuskantar cuta iri-iri, toh zazzaɓin cizon sauro da ake ta maimaitawa, haɗe da wata ƙwayar birus da ake kira EBV, na sa su yi ta wannan yankan ba hutu har wata rana a haɗa ba daidai ba. Ciwon na saurin girma amma yana jin maganin asibiti ƙwarai in an kai yaro da wuri. Kaga kenan gidan sauro ma na cikin masu tsare kuromosom.

Sama da duk waɗannan akwai p53, furotin da ke yanke hukunci. In ɓarna kaɗan ce ya tsaida sel har a gyara, in tayi yawa ya umarci sel ya kashe kansa dan sauran jiki ya tsira. Kusan rabin duk ciwon dajin ɗan Adam in aka bincika za'a iske p53 ɗin ne ya lalace. Giwa, da duk girman jikinta, tana da kwafin ƙwayar gadon dake haɗa p53 wajen 20, mu ɗaya garemu daga kowane mahaifi, kuma daji bai cika kama giwa ba. Batun bakin kuromosom kuwa, wanda ke ɗan gajarcewa duk sanda aka kwafa har sel ya daina rabuwa bayan kimanin sau 50, masu tallan nan na son ambatonsa suce maganinsu na tsawaita shi ya maida tsoho yaro. Su sani cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon daji da wannan dabarar ta tsawaita bakin kuromosom suke rayuwa, dan haka ko da gaske ne suna iyawa ni bazan ba mahaifiyata ba.

Yanzu ga sikila, wadda ita tafi ci mani rai a tallan. Najeriya ce tafi kowace ƙasa yawan masu ita, jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara, babu unguwar da zaka shiga a Katsina ko Daura baka samu gidan da ake kwana zaune da yaro yana kukan ƙashi ba. Sikila harafi ɗaya ce tak a kuromosom na 11, inda ya kamata a samu GAG sai aka samu GTG. Amma T ɗin nan tana zaune daram da A ɗinta a ɗaya gefen, babu karkata, babu tsinkewa, babu abun da masu gyara zasu gani suce ɓarna ce. Su basu san mi ya kamata rubutun ya faɗa ba, abun da suka sani kawai shine ko gefe biyun sun dace. Haka yaro ya karɓo ta daga uba da uwa tun yana sel ɗaya, haka aka kwafe ta da aminci cikin kowane sel na jikinsa, kuma ingancin gyaran nan da nake ta yabo shi ke tsare ta a wurin. Toh ta ina garin da aka zuba ƙarƙashin harshe zai bi ya shiga ɓargo ya nemo harafi ɗaya cikin biliyan 3 a kowane sel ya canza?

Wata baiwar Allah, mahaifiyar wata ɗalibata, ta same ni bayan an tashi da takardun gwaji biyu a cikin leda, ta ninke su har sun fara yagewa a tsakiya, ɗaya SS ɗaya AS, na ƙanen yarinyar. Tace Malam duba mani, mai maganin yace saura kwali biyu ya koma AA. Na tambaye ta Hajiya an ƙara mashi jini kwanan nan? Tace eh, wata ɗaya kafin gwaji na biyun, ya kwanta asibiti an sa mashi leda biyu. Amsar kenan. Jan jinin da aka ƙara na wani ne mai AA, yana iya kai wata 3 zuwa 4 yana yawo a jiki, in akayi gwaji a tsakanin dole a ga A. Da irin wannan, da kuma kuskuren wasu ƙananan ɗakunan gwaji, ake haɗa shaidun da ake turawa a waya. Matar nan akuyarta ta saida, kuma abun da yafi bani tsoro ta riga ta daina bashi ƙwayoyin da asibiti suka rubuta.

Hanyar da ke raba mutum da ciwon sikila da gaske akwai ta, amma dubi nauyinta. Dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a birnin Benin a 2011, sai an samu wanda nasa ya dace, yawanci ɗan'uwa ciki ɗaya, kuma ko an warke S ɗin na nan a ƙwayoyin haihuwa, zai iya ba ƴaƴansa. Sai sabon maganin nan Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023: a ciro ƙwayoyin asali na jinin mara lafiya, wato waɗanda ke haifar da sauran ƙwayoyin jini, a kai ɗakin bincike a tsinka DNA ɗinsu a wuri ɗaya da aka zaɓa, a bar sel ya haɗa da hanyarsa ta gaggawa mai barin kuskure, kuskuren ya kashe makunnin da ke hana jiki yin irin jinin jarirai wanda sikila bata shafa, sannan a share ɓargon mutum da magani mai ƙarfi a maida masa waɗanda aka gyara. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma ko shi bai taɓa harafin sikilar ba, zagaye shi yayi. Abun da ke hannunmu nan shine maganin haidiroksiyuriya ƙarƙashin kulawar likita, da folik asid, da rigakafin zazzaɓi, da ruwa isasshe, da kuma gwaji kafin aure a wurin da aka yarda da shi, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa ba sai an sa rana ba.

Masu ciwon daji su ma haka. Akwai waɗanda suka gaji rauni a su masu gyaran kansu. Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya dake jami'ar Chicago, da abokan aikinta sun binciki mata 1,136 masu dajin mama a Ibadan, sakamakon ya fito a 2018, suka iske kashi 7 cikin 100 BRCA1 ɗinsu a lalace yake, kashi 4 kuma BRCA2. Dan haka gidan da uwa tayi, inna tayi, ya tayi, musamman tun basu kai 50 ba, a daina cewa wata kishiya ce ke bin dangi, a je a duba da wuri, kuma maza ma na ɗauke da shi suna ba ƴaƴansu mata. Maganin asibiti kuwa, gashin da ake yi da na'ura da yawancin ruwan da ake ƙarawa, aikinsu su farfasa DNA ɗin sel na daji fiye da yadda zai iya gyarawa, sabida shi yana rabuwa ba tsayawa kuma gyaransa dama gurgu ne. Gashin kai da ke zubewa da amai duk dan sel masu saurin rabuwa na lafiya suma abun ya shafe su ne, amma su suna farfaɗowa. Da sai an tafi Shika ko Sakkwato ko Abuja, yanzu tun 2025 an buɗe cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina. Duk watan da mace ta ɓata tana shan gari, ƙullutun na ƙara tara kurakurai yana bazuwa, sai an zo inda likita zai ce an makara sannan ace asibiti basu iya ba.

In da gaske muna son taimakon DNA ɗinmu, rage masa ɓarna zamu yi, kuma babbar ɓarnar tamu wallahi tana cikin rumbu da buhu. Hunhunar nan mai ruwan ɗorawa da kore dake kama gyaɗa da masara in ba'a busar da kyau ba, ko fari ya kama su a gona, ko ƙwari sun huda, tana fidda guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960 da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila sabida tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. In tayi yawa kisa take kai tsaye, a Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta 125 suka rasu daga masarar da suka noma da hannunsu. Amma tamu matsalar ta kaɗan-kaɗan ce ta shekara da shekaru. Hanta na ƙoƙarin sarrafa gubar sai ta maida ita wani abu dake mannewa a harafin G. In masu yankan harufa 30 ɗin nan sun riga mai kwafa isa wurin, shikenan an tsira. In mai kwafa ya riga su, G ta koma T har abada. A 1991 masu bincike suka duba dajin hanta daga Qidong a ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, suka iske wannan canjin na G zuwa T a wuri ɗaya tak, gurbi na 249 na p53, wato gubar mai hukuncin kansa take kashewa. In kuma mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna manya 8 cikin 100 na da shi a Najeriya, tsugune bata ƙare ba: wani bincike a Shanghai ya nuna gubar kaɗai na ninka haɗarin dajin hanta sau 3, birus ɗin kaɗai sau 7, in suka haɗu kusan sau 60. Magidancin nan ɗan shekara 35 ko 40 da cikinsa ke kumbura idonsa yayi ɗorawa ya tafi cikin wata uku, ace an yi masa jifa sabida ya fara samu, a riƙa tuna wannan.

Ka je inda mata ke tsintar gyaɗa kafin a kai inji ka tsaya ka gani. Mai kyau gefe guda, ita za'a kai kasuwa. Ƴan motsattsun nan da suka yi baƙi, masu ɗaci in ka tauna, masu ɗan gari-gari a ciki, ba'a zubarwa, ana tara su a kwano daban a saida da araha, su ake soyawa ayi ƙuli da yajin tsire, ko a dama ma yara kunu, ragowar a ba kaji da shanu ta dawo mana ta madara. Wuta bata kashe gubar, suya da tafasa basa raba ka da ita. Masara kuma a yankin Funtuwa da Bakori da Ɗandume zaka ganta shanye a ƙasa ko a bakin kwalta, yayyafin ƙarshen damina ya taɓa ta a kwashe a ɗura a buhu da sauran danshi. Ban ga laifin talaka ba, wanda bai da na cefane ba zaka ce ya zubar da kwanon gyaɗa ya ji ka da sauƙi ba, amma aƙalla ya san mi yake ci, kar kuma a ba yara. Shanya kan tamfol, bari sai masara ta yi ƙaras a haƙori gyaɗa ta yi kacau-kacau a kwanso, ɗora buhu kan katako nesa da bango, tsince ruɓaɓɓu. Akwai kuma Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa, dawa ce da aka shafa ma irin hunhunar da bata fidda guba, ana watsa kilo 10 a hekta sati 2 zuwa 3 kafin amfani yayi fure, ta riga mai gubar kama wuri, tana rage ta da kashi 80 ko fiye. Manoma nawa suka taɓa jin sunanta a jarida?

Sauran a taƙaice. Allurar ciwon hanta B tana cikin rigakafin yara tun 2004 kuma kyauta ce, ta farkon ana son ta cikin awa 24 da haihuwa, matsalarmu haihuwar gida da jiran sai anyi suna. Sai allurar HPV, ta rigakafin dajin bakin mahaifa, da aka fara yi ma ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, birus ɗin da take karewa p53 yake lalatawa a bakin mahaifa. Ƴan'uwanmu zabiya basu da launin da ke tare zafin rana, masu gyaran fatarsu na aiki amma ranar Katsina tafi ƙarfinsu, malafa da riga mai dogon hannu da aikin inuwa sun fi masu komi, kuma duk gyambon da yaƙi warkewa a kai asibiti. Taba da shisha ba sai na faɗa ba.

Abinci na da nasa rabon, bazan hana ba. Sel na buƙatar wani bitamin mai suna folet dan ya haɗa harafin T, in babu sai ya riƙa cusa U a wurin, masu gyara suyi ta cirewa har zaren ya tsinke. Amma folet ɗin na cikin wake da alayyahu da zogale da sauran ganyen da ke kasuwar ƙofar gida. Ƙari akan abun da jiki ke buƙata baya ƙara gyara, wani lokacin ma akasin haka ne, a Finland an ba masu shan taba wajen 29,000 ƙwayoyin ƙarin abinci, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha beta karotin, sinadarin dake cikin karas, dajin huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100.

Roƙona gareka Malam Edita guda biyu ne. Duk mai kawo tallan da yace yana warkar da sikila ko daji ko yana canza jinin mutum, a tambaye shi a wane asibiti aka gwada, akan mutum nawa, ina aka buga sakamakon, kar a tsaya ga lambar NAFDAC kawai, dan lambar da ake ba irin waɗannan kayan mai harafin L a ƙarshe tana nufin an duba ba'a ga cutarwa ba ne, bata nufin an tabbatar yana warkarwa, kuma in ka juya kwalin da yawa zaka ga an rubuta hakan da ƙananan harufa da Turanci. Na biyu, kaka na tafe, ka tura wakilinku kasuwannin hatsi irin su Ɗandume da Charanci da Mai'aduwa ya ga yadda ake shanya da ajiya, ya zauna da malaman gona da likitocin hanta, ku buga shi da Hausa a wannan shafin na baya da kuka ba mai garin.

Wassalam, na gode.

Naka,
Malamin bayoloji, Ƙofar Marusa, Katsina.